Takalmin Yarinya a Kan Katanga

Ran nan ina zaune a shagon shayin 'yan Sudan da ke unguwar Arba wa Nus a Alƙahira, na ji wasu samarinmu biyu suna hira. Ɗaya yana ce wa ɗaya in karatu ya ƙi shi gadi zai nema, ai ba wani aiki ba ne, kujera ce da waya da caja. Ban tanka musu ba, don bakina cike yake da burodi. Amma maganar ta bi ni har ɗaki, shi ya sa na ce bari in rubuta muku kaɗan daga abin da na gani a shekara ashirin da 'yan kai da na yi ina gadin gidajen mutane a Masar. Sunana Haruna, mutumin Gumel ne ni. Karatu ya kawo ni Alƙahira kamar yadda ya kawo ku. A shekara ta uku tallafin gida ya yanke, na fita neman abin sakawa a baki, ban sake komawa aji ba.

Aikin farko da na yi a wani lambun lemo ne a bayan Giza, a hannun Baba Usmanu. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato za su Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Na zo masa da ƙirjina a buɗe ina jiran ya miƙo mini gora. Sai ya miƙo mini reshen dabino, ya ce in share.

Wata uku ina shara. Kullum la'asar sakaliya zan zagaye katangar lambun ta waje in share ƙasa faɗin taku uku, in yayyafa mata ruwa da buta har ta yi lumus, in fita da baya ina goge sawuna. Da gari ya waye sai mu zagaya tare, yana nuna mini da tsinin sandarsa. Wannan kare ne, wannan dila ne, duba yadda ya jera ƙafafunsa a layi ɗaya. Wannan mutum ne mai kaya a ka, dunduniyarsa ta nutse. Wannan kuwa mai sanɗa ne, yatsu kawai za ka gani. In na faɗi ba daidai ba sai ya ce in sake dubawa, wai idona na karatun littafi ne, bai saba da ƙasa ba. Sauran kayan aikin ba su da yawa: gora, tocila, usur, bargo, da tari. Tarin ma koya mini shi ya yi. Ya ce maigadi ba ɗan sanda ba ne da zai laɓe ya kama mutum, aikinsa a san yana nan kuma idonsa biyu.

Shekara huɗu na yi da shi, ko lemo ɗaya ba a tsinka ba. Abu ɗaya ne yake yi wanda bai taɓa sa ni a ciki ba. Duk jajiberin salla yakan ɗora buhun lemo a jaki ya nufi bakin sahara, ya ce ziyara za shi. Ni kuwa ban taɓa tambayarsa wa yake ziyarta ba, murna ma nake yi zan samu in miƙe ƙafa.

Bayan rasuwarsa na zaga. Na yi gadin gidan wani Bature a unguwar Ma'adi, wanda rabin aikina yawo da karensa ne, ina tafe ina kwashe abin da ya zubar a leda. Na yi gadin wani bene a Giza, inda kowace mata a hawa bakwai ɗin nan ta ɗauka ita ta ɗauke ni aiki, wannan ta aike ni burodi, waccan ta ce in hau da tukunyar gas. Duk wannan wahala ce ta jiki, a kwana a tashi ta wuce. Shekarar da ta kusa juya mini kai ita ce wadda na yi a gidan Dakta Fu'ad.

Dakta Fu'ad likitan haƙori ne a Ma'adi. Ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi gona a ƙarshen ƙauyukan Giza, inda kore ke ƙarewa rairayi ya fara, ya gina gida a tsakiyar itatuwan mangwaro, ya zagaye da katanga mai tsawon mutum biyu. Shi yana kwana a birni, sai daren Alhamis yake dawowa. A gidan akwai matarsa Madam Nadiya da 'yan matansu biyu, babbar sunanta Salma, shekararta shida. Akwai kare, akwai jaki, akwai ni. Na shiga aikin yadda aka koya mini: in share da la'asar, in kwana ina zagaye ina tari, in duba ƙasa da safe, sannan in kwanta daga hantsi zuwa azahar.

A makona na biyu wani dattijo siriri mai farin rawani ya tsaya a bakin ƙofa. Bai yi sallama irin ta manoma ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni wa ya zaunar da ni a nan. Na ce Dakta. Ya ɗan jinjina kai. Na ce ya shigo ya sha shayi, ya ce na gode, wata rana. Ya juya ya tafi, ni kuma na manta da shi kafin magariba.

Wata biyar lafiya lau. Sai wata rana na tashi barcin rana na tarar da duwatsu uku an ɗora ɗaya kan ɗaya a dokin ƙofar falo. Na ɗauka wasan yara ne. Madam ta ce yaran suna ɗaki tun safe, ƙaramar zazzaɓi take yi. Na fita na zagaye katanga. Sharata tana nan yadda na bar ta, sai sawun kyanwa da na tattabaru.

Bayan kwana goma sha wani abu, na tashi na tarar an kwance jaki daga turkensa an ɗaure shi a jikin mangwaron da ke ƙarƙashin tagar Madam, da wani irin ƙulli da ban taɓa gani ba. Kare yana kwance kusa da shi yana gwaguyar ƙashi, ya ɗago ya kaɗa mini wutsiya. Ban ba shi ƙashi ba. Madam ba ta ba shi ba. Kwaɗo yana jikin ƙofa, makulli yana wuyana. Na sake zagayawa, wannan karon da rarrafe, ba sawu ko ɗaya. Aka ƙirga kaji, aka duba injin ban ruwa, aka duba wayoyin lantarki. Ba abin da ya ɓata.

To ku gaya mini, ɗan Gumel da ya yi shekara uku a aji, ya ga duwatsu uku a bakin ƙofa, ya ga ƙulli a igiya, ba sawu, kare bai yi haushi ba, me zai ce? Na ce sammu ne. Na ce wani ne ke baƙin ciki da Dakta, ya sa a yi masa aiki. Na tashi haiƙan. Na yi tofi a kusurwa huɗu na gidan, na rubuta ayoyin tsari na liƙa a saman kowace ƙofa, na ƙona igiyar nan, na kai duwatsun can cikin rairayi na binne su ina karanta Falaƙi da Nasi. Da Dakta ya dawo na yi masa bayani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Ma'alish, ba komai ya Sheikh Harun, kai ka riƙe aljanu, ni zan riƙe mutane.” Washegari ya kawo masu kyamara suka kafa huɗu, biyu suna kallon ƙofa, biyu suna kallon hanya.

Addu'ata ba ta hana ba, kyamararsa ba ta hana ba. Muka wayi gari wata rana, ko in ce muka kai azahar, an juya kujerun baranda duka suna kallon bango. Muka zauna ni da Dakta muka kalli hoton wunin gaba ɗaya. Mun ga amalanken ciyawa ya wuce, mun ga mai tallan gas, mun ga ni na fito ina sosa ƙeya na koma. Dakta ya daina dariya. Na kuma lura Madam ta daina aiko Salma da abincina, ita take ajiyewa a bakin baranda ta koma ta murɗa makulli. Ban ga laifinta ba. Mutum ɗaya ne a gidan mai makulli, kuma wanda kare ba ya yi wa haushi. Abin ya kai ni da kaina na fara zargin kaina. Na ce ko tafiya nake yi cikin barci? Kwana uku ina ɗaure ƙafata da igiya a jikin gado kafin in kwanta. Na tambayi manoman da ke maƙwabtaka da mu, kowa ya ce Allah ne masani, ya mai da idonsa kan fartanyarsa. Wani ma da ya hango ni sai ya canza hanya.

Sai ranar takalmi. Salma ta cire jajayen takalmanta a baranda ta shiga cin abincin rana. Da ta fito ƙafa ɗaya ce kawai. Muka duba ko'ina. Ita yarinyar ce ta ɗaga kai ta nuna: ga shi can a saman katanga, kusa da ƙofa, an ajiye shi tsaf, bakinsa yana kallon hanya. Na ji tsoro a ranar irin wanda ban taɓa ji ba. Wanda ya ɗauki takalmin taku biyar ne tsakaninsa da inda yarinyar ke zaune.

Madam ba ta yi kuka ba, akwatuna ta fara saukewa. Dakta ya baro asibiti a ranar, ya zo da bindigar farauta da ya aro wurin wansa. Ya ce gidan nan shi ne duk abin da ya tara a duniya, ba zai bar shi ba, duk wanda ya gani a cikin katangarsa zai harbe shi, abin da zai faru ya faru. Madam ta ce mako ɗaya za ta ƙara, in ba a gane ko wane ne ba, ita da 'ya'yanta sun koma birni, gidan ya ci kansa. Duka biyun suka juyo suna kallona.

Abin da ya buɗe mini ido ba wayo ba ne, aikin lambu ne. A wannan yanki ruwan noma zuwa yake yi bi da bi, a sako shi kwanaki, a ɗauke kwanaki. Yana shigowa gonar Dakta ta wani kwalbati da ke ƙarƙashin katangar baya, bayan kurmin ayaba. Ran nan an ɗauke ruwa, na shiga in yashe ciyawar da ta toshe bakin kwalbatin. Sai na ga taɓo ya riƙe hoton gwiwa biyu da tafin hannu biyu. Na zauna a wurin na lissafa. Ranar duwatsu ba ruwa. Ranar jaki ba ruwa. Ranar takalmi ba ruwa. Mutumin ta cikin magudanar yake tahowa tun daga nesa, ya bi ta ƙarƙashin sharar da nake yi kullum ina alfahari da ita, kuma da tsakar rana yake zuwa, lokacin da maigadi ke minshari.

Ban gaya wa Dakta ba, saboda bindigar nan. Ranar Juma'a ya shirya za shi masallaci, na ce cikina ke ciwo, Allah Ya yafe mini. Na ɗauki gora na shiga cikin ayaba na durƙusa. Liman yana cikin huɗuba na ji motsi. Farin rawani ya fara fitowa, sai kafaɗu. Na ɗora masa gora a wuya na danne.

Bai yi kokawa ba. Ya ce, “A hankali ya Sheikh, na girmi ubanka.”

Na ɗaga gorar. Ya fito ya zauna a gefen magudanar yana kakkaɓe gwiwarsa. Dattijon nan ne da ya ƙi shan shayina. A hannunsa ba wuƙa, ba sanda, sai ƙashi a ƙunshe a takarda. Na tambaye shi me yake nema a gidan mutane. Ya ce sunansa Salim, kuma tambayar da ya yi mini wata bakwai da suka wuce har yanzu ban ba shi amsa ba.

“Na ba ka amsa ya Hajj. Na ce Dakta ne ya ɗauke ni.”

“Dakta ya sayi ƙasa. Gadin ƙasar ba a sayar masa ba. Daga wancan dabino zuwa bakin rairayi ubana ya tsare, kakana ya tsare, tun babu katanga ko ɗaya. Na zo lokacin da ake gini na ce masa mu maƙwabta ne, duk abin da yake bukata muna nan. Ya ce ya gode, ya ba ni katinsa, wai in haƙorina ya yi ciwo.”

Na ce to don me bai fito fili ya faɗa ba, sai ya tsorata mace da yara? Ya dube ni kamar na tambaye shi don me rana ke fitowa ta gabas. Ya ce mutum ba ya roƙon abin da yake nasa. Ya ce duwatsu uku ko yaron goye a yankin nan ya san ma'anarsu: na shigo, na fita, gidanku ba shi da mai tsaro. Ya ɗauka zan gane tun a na farko in kai wa maigidana magana. Da ya hango ni ina binne su a rairayi ina karatu, shi ma kansa ya ɗaure, ya koma gida ya ce wa 'ya'yansa baƙon nan ko mahaukaci ne ko waliyyi.

A nan ne buhun lemon Baba Usmanu ya faɗo mini a rai, ashe irin su Salim yake kai wa gaisuwa. Shekara huɗu ina ganin sharata ce ta tsare lambun nan.

Muna cikin haka Madam ta fito baranda ta hango mu. Ta ɗaga waya ta ce 'yan sanda za ta kira. Amm Salim, wato Baffa Salim, bai ko motsa ba. Ya ce mini a hankali, in an kai shi ofis zai kwana biyu ya fito, shi ba zai yi komai ba, amma daga ranar zai ɗauke idonsa daga gidan, kuma akwai waɗanda idon nasa ne kawai ya hana su zuwa tun da aka kafa tubalin farko. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Amma na tuna manoman da ke canza hanya in sun gan ni. Na je na tsaya a ƙasan baranda na roƙi Madam ta ajiye wayar har Dakta ya dawo, na kuma roƙe ta ta ɓoye bindigar a inda ba zai gan ta ba. Ta sauke wayar ta shiga ciki.

Aka zauna bayan la'asar a gidan wani dattijon ƙauyen, Dakta da Amm Salim da ni. A nan na ji yadda tsarin yake. Gidan da danginsu ke gadi, in allura ta ɓata su za su nemo ta, in ba su samo ba su biya, shi ya sa ba mai taɓawa. Dakta mutumin kirki ne. Da hushinsa ya sauka ya ce to a yi gadin mu biyu, ni da dare, Amm Salim da rana. Amm Salim ya ce a'a. In abu ya ɓata, wa za a tambaya? Ƙofa ɗaya, mutum ɗaya. Dakta ya juyo ya ce, “Harun, kai ka kama shi. In ka ce a kai shi ofis, yanzu za a kai shi, ka ci gaba da aikinka. Kai za ka yanke.”

Ina da mata da ɗa a ɗaki ɗaya a Arba wa Nus, kuma ban san inda zan samu wani aikin ba. Na so in ce a kai shi, wallahi na so. Amma an ɗauke ni ne don yaran nan su kwana lafiya, kuma na riga na ga iyakar abin da gorata za ta iya. Na cire makullin daga wuyana na ajiye a kan tabarma.

Madam ce ta fi kowa jin haushi. Ina ɗaure kayana ta zo bakin ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, “Amm Harun, mutumin da ya taɓa takalmin 'yata shi ka ba makullin gidana? Ta yaya zan runtsa?”

Na ce, “Ya Madam, ni ma ban gane ba. Amma ina jin za ki fi yin barci a hannunsa.”

Wata biyar na yi ba aiki, ina dakon kaya a kasuwa, kafin na samu gadin wani sito, inda nake har yau. Shi ya sa in na ji yaro yana cewa gadi kujera ce da waya, ba na ma sanin ta inda zan fara. Kafin ka karɓi makullin kowa a ƙauye, ka tambayi wa ke gadin wurin kafin a gina shi, ka je ka gaishe shi. Wannan ban same shi a bakin kowa ba, da aikina na saye shi. Har gobe kuma in na zauna ina juya abin, ban san sunan da zan ba shi ba. Na kama mai shigowa gidan da hannuna, ranar kuma na rasa gidan.

Da kakar mangwaro ta zagayo na ce bari in je in gaishe su. Na sayi alewa a leda, na hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa ƙarshen layi, na ƙarasa a tuk-tuk mai ƙafa uku. Azahar ta yi lokacin da na isa. Tun daga nesa na hango ƙofar a buɗe, duka ɓangare biyun. Salma da ƙanwarta suna waje a bakin magudanar ruwa suna wasa da 'ya'yan manoma, ba babba ko ɗaya kusa da su. Amm Salim yana kwance a kan benci a inuwar katanga, ya rufe fuska da rawani, yana barci, sandarsa ma tana can jingine a wani wuri. Wani mutum ya taho a kan jaki yana waƙa da ƙarfi. Da ya zo daidai ƙofar sai ya yi shiru, bai sake ɗaga murya ba sai da ya wuce ƙarshen katangar.

Na daɗe a tsaye da ledar alewa a hannu. Ban tashe shi ba.